Bencin Baya

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, maganar da ta cika Mirriya ita ce Mushe Inusa, malamin firamare, ya tona wa ɗalibarsa Barira asiri. Wai a takardar shaidar da malami kan rubuta wa ɗalibin da zai shiga kwaleji, ya sa cewa yarinyar kurma ce, shi ya sa aka koro ta daga Damagaram tun zangon farko. Mutane ba su da ƙarfin yin fushi a lokacin, amma sun daina amsa gaisuwarsa.

Na daɗe da ajiye alli, sai dai koyarwa ta bar mini hali ɗaya: abin da kowa ya yarda da shi, galibi ba wanda ya duba. Barira kuwa na san ta. Sanƙarau ya tafi da kunnenta ɗaya, ya bar ɗayan rabi. Leɓen mutum take karantawa, in ka tsaya gabanta ba kalmar da ke wuce ta. Gurbin da ta rasa ba karatu kaɗai ba ne. Akwai ɗakin kwana da tuwo safe da yamma, a shekarar da gidansu dusa suke dafawa.

Na tarar da Inusa a ajinsa, benci sun fi yara yawa. Ni na koya masa baƙi da wasali, don haka ban yi kwana-kwana ba.

“Inusa, me ka rubuta a kan yarinyar nan?”

“Inna Delu, ke ma kin yarda?”

“Da na yarda da na zauna gida. Ƙafafuna ba na yawo ba ne.”

“Na ce mai ƙwazo ce, mai ladabi, ba wanda ya kai ta lissafi.”

“Kunnen fa?”

“Haba Inna! Ƴa mace? Ubanta ya zo nan ya riƙe mini hannu, ya ce Mushe ka rufa mana asiri. Wane malami ne zai sa aibin ɗalibinsa a takarda?”

Ya faɗa yana ɗaga kai. Tun yana yaro haka yake ɗaga kai ko gaskiya yake faɗa ko ƙarya, saboda haka ban ƙaru da komai ba.

Ran kasuwa na hau mota zuwa Damagaram. A bakin hanya mutane na tafiya kudu da tabarmi a ka. Wani tsoho na jan saniyar da ta ƙi tashi.

Shugabar kwalejin, Madam Lubabatu, ta tarbe ni da ruwa, ta ba da haƙuri cewa ba sukarin yin shayi.

“Barira ta Mirriya? Doguwar nan? Kai, Hajiya, malaminta ya cika mu da yabo, ashe kanta dutse ne. A kira ta, ba ta waiwayo. A yi dikte, wato malama na faɗa suna rubutawa, ta miƙo farar takarda. A yi mata faɗa, ta zuba miki ido a baki kamar za ta cinye ki. Raini ke nan.”

“Ina take zama?”

“Baya mana. Dogaye baya, gajeru gaba. Haka ake yi tun zamaninku.”

Haka ake yi, gaskiya ne. Kuma mai yin dikte yawo take tsakanin benci, ta juya wa rabin aji ƙeya.

“Ba ta ji, Lubabatu,” na ce.

“Shi nake faɗa miki, ba ta jin magana.”

“Kunne. Sanƙarau.”

Ba ta yi salati ba. Ta dai ce da sun sani da sun sa ta gaba, akwai ma wata mai raunin ido da suka yi wa haka bara, yanzu tana aji biyu.

“To a maido ta.”

“An ba wata ƴar Dakusa gadon. Akwai masu jira bayanta. In cire wa, Hajiya?”

Ban ce a cire kowa ba. Na shanye ruwan.

Da na dawo Mirriya na wuce gidansu Barira. An jingina ƙaya a ƙofa. Maƙwabciya ta ce sun bi wani ɗan kasuwa zuwa Kano, ba su ce ranar dawowa ba. Ta tambaye ni ko akwai labarin rabon hatsi, na ce ban ji ba.

Inusa bai rubuta cewa Barira kurma ce ba. Ba wanda ya san da matsalar kunnenta a kwalejin. An zaunar da ita a bencin baya saboda tsawonta, ba ta ji abin da ake faɗa ba, aka kore ta.