Kusu a Aljihun Farzidan

Ranar Litinin Farzidan Illa ya ce mini in kusun na'ura bai tashi ba zuwa Juma'a, in nemi wani wurin aiki. Bai dube ni ba da yake faɗa. Kansa yake kallo a gilashin taga yana gyara zaman hula.

Farzidan shi ne shugaban ƙungiyarmu. Ta manoma da makiyaya ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka cika Tawa tun da aka buɗe ƙofar siyasa. Buronmu ɗaki biyu ne a kan hanyar kasuwar dabbobi, ni ce mai buga takardu. Shekara biyu na yi a kan tsohuwar tafireta kafin wani Bature na furoje, wato shirin taimako, ya kawo mana ordinatar, na'urar kwamfuta. Shi ya sa mata tsarin da ake kira Linuks, ya ce na kyauta ne, babu mai shi, kowa na da ikon gyara shi. Farzidan bai so wannan magana ba. Duk abin da ba a iya sa wa kwado, ba ya ganin darajarsa.

Ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta bi shi a allo, mu kusu muke ce masa, wato ɓera, saboda wutsiyarsa. Wata shida wutsiyar tana soke a bayan na'ura, ba wanda ya taɓa zare ta, kuma bai taɓa ƙin aiki ba. Sai aka yi juyin mulki a watan Afrilu, masu ba da taimako suka janye, Bature ya haɗa kayansa ya tafi.

Ba a yi mako ba aka tsegunta wa Farzidan cewa mataimakinsa yana shirin rubuta wa hukuma takarda da sunan ƙungiya a bayan idonsa. Ya zo ya tsaya a kaina, ya tambaye ni wane abu ne in babu shi ba a iya aiki da na'urar nan. Na nuna masa kusu. Tun daga ranar, in an tashi aiki sai ya zare shi, ya naɗe masa wutsiya, ya ajiye shi kusa da hatimi a aljihun teburinsa, ya kulle, ya jefa mabuɗi a aljihun riga.

Ni bakwai da rabi nake zuwa. Ya ba ni umarni in kunna na'ura da na shigo, don duk baƙon da ya leƙo ya ga allo yana haske, ya san buron na zamani ne. Shi kuwa sai ƙarfe goma, bayan ya gama tsayawa a kowace ƙofa ana gaishe shi. Ya buɗe aljihun tebur, ya tattare babbar riga, ya durƙusa a bayan na'ura, ya yi bisimilla ya soka wutsiyar da hannunsa, kamar mai aza tubalin masallaci. Sannan in tura kusu, kibiya tana tsaye a tsakiyar allo ba ta ko motsi. Wata rana kuma, ana tsakar zama, sai a ga ta kama aiki. Farzidan ya ce marin da yake kai wa akwatin ne yake tada ta, ya kuma ƙara ƙarfin marin.

Ranar Talata aka kira Mushe Alƙasum. Mai gyaran rediyo ne, amma ya taɓa yin kwas na mako uku a Yamai, tun daga nan yake ɗaura laktai a wuya cikin zafin bazara, kuma ba ya amsa sallama sai da Faransanci. Ya shigo da wata jaka baƙa da ya rinƙa ɗagawa kamar da jariri a ciki.

"Wa ke taɓa ta?" ya tambaya.

"Wagga yarinya," in ji Farzidan.

Mushe ya dubi lallen da ke hannuna ya girgiza kai, alamar ya riga ya gano rabin cutar. Ya zare kusun, ya buɗe cikinsa, ya ciro ƙwallon roba, ya wanke shi da fetur, ya hura masa iska da baki. Ya kashe na'ura ya sake kunnawa, kusun na hannunsa. Farzidan ya ce ya manta bai soka ba. Mushe ya yi murmushin tausayi.

"Ranka shi daɗe, a bar ta ta yi zafi tukuna. Ko moto ba a aza mata kaya sai inji ya ɗumama."

Farzidan ya gyaɗa kai, domin shi ma yana da moto. Minti goma muka yi muna kallon allo, sannan aka soka. Kibiya tana nan inda take. Mushe ya shiga wani baƙin fili a cikin na'urar ya fara buga haruffa da yatsu biyu. Duk abin da ya buga, ɗan layi guda take mayar masa. Ba na jin Ingilishi, amma na san in ka yi wa mutum tambaya sau biyar ya ba ka amsa ɗaya, bai san abin da kake faɗa ba ne. Mushe ya share gumi da laktai, ya ce laifin tsarin ne, abin kyauta haka yake, talakawan Turai ne suka haɗa shi a ɗakunan kwanansu.

Da rana ta take kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Su biyun suka tafi gidan Farzidan cin abinci, suka bar wutsiyar a soke. Wajen ƙarfe biyu kuran ya dawo, na kunna, na tura kusu, kibiya ta bi hannuna sumul. Mushe ya shigo yana sakace, ya gani, ya ce daidai lokacin da ya lissafa ke nan fetur ɗin zai bushe. Farzidan ya raka shi har bakin titi, yana gaya wa masu shayi cewa ga injiniyan da babu irinsa daga nan har Agadas. Da yamma ya zare kusunsa ya kulle.

Ranar Laraba kibiya ta sake tsayawa. Aka sake kiran Mushe.

"Jiya da rai na bar shi," ya ce. "Wa ya kunna yau?"

Ni ce, kowa ya sani. Ya yi wa Farzidan bayani a gabana kamar ba na ɗakin. Wai hannuna na gumi, wai ina danna maɓalli da ƙarfin daka, wai irin wannan na'ura ba ta wanda bai gama lekol, makarantar boko, ba ce. Ya ce ranar Juma'a zai zo da faifai ya share komai ya sa tsarin masu hankali, amma in ba a sake hannu ba, banza ne. Farzidan ya ce dama yana da wani ɗan ƙanwar matarsa da ke zaune ba aiki. Na sunkuyar da kai, ina kallon takalman Mushe, da ya shafa wa baƙin mai a gaba ya bar bayan fari da ƙura.

Ranar Alhamis Lalla ta zo daga Barmu. Ita ce shugabar matan makiyaya na ƙungiyar, dattijuwa ce mai jin Tamashek, sa'ar Farzidan. Zuwanta na uku ke nan tana neman takardar sunayen matan da za a ba dusar dabbobi kafin ruwa ya sauka. Sunayen suna cikin na'ura, ni na buga su, amma ba na iya buɗe su sai da kusu. Farzidan ya soka wutsiya, ya mari akwati, ya ce mata ta yi haƙuri, ya fita zuwa wata gaisuwar mutuwa.

Lalla ba ta zama a kujera. Ta shimfiɗa gefen mayafinta kusa da teburina, ta tambaye ni me ke damun abin. Ita kaɗai ta taɓa tambayata. Na ce wata rana yana yi, wata rana ba ya yi. Ta ce wace rana yake yi? Na fara ƙirga mata da yatsu: shekaranjiya da rana, Alhamis ta makon jiya, da ranar da aka yi iska mai ƙarfi. Ina faɗa ina jin wani abu yana haɗa su. Duk ranakun da kuran ya ɗauke ne bayan zuwan Farzidan, na sake kunna na'ura wutsiyar tana jikinta.

Na gaya wa Lalla. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ba ta san ƙarfe ba, amma tunkiya in ta haihu aka ɗauke ɗan kafin ta shinshine shi, ko an dawo da shi bayan sa'a biyu ba ta yarda da shi, sai dai ta yi ta tunkuɗe shi. Ta ce in gwada mana, ai ba kowa.

Na kashe na'ura yadda Bature ya koya mini, na bar wutsiyar a soke, na kunna. Kibiya ta bi hannuna. Na sake kashewa, na zare, na kunna, na jira ta gama tashi, na soka. Ta tsaya cak. Na sake na uku da wutsiyar a jiki, ta tafi. Kafin la'asar na fitar wa Lalla takardarta, shafi huɗu. Saura hatimi, shi kuwa yana kulle, dole ta kwana a gari wurin 'yarta.

"To, gobe ki faɗa mishi," ta ce.

"Inna, shi ne fa cutar."

"Shi ne, ɗiyata. Ba sai kin kira sunan cutar ba."

Ranar Juma'a na zo bakwai da rabi ban kunna komai ba. Na zauna hannuna a cinya. Lalla ta zo ta zauna a wurinta na jiya. Ƙarfe goma da kwata Farzidan ya shigo cikin farar riga ta zuwa masallaci, Mushe na biye da jakarsa. Farzidan ya ga allo baƙi.

"Balki, har kin ajiye aikin da kanki? Kin hutar da ni."

Na miƙe. Muryata ta fito ƙarama, sai da ya ce in ƙara.

"Ranka shi daɗe, a soka kusun tukuna, sannan a kunna."

Mushe ya yi dariya ta hanci, ya ce ga shi nan, za ta aza wa inji kaya yana sanyi ta ƙone shi, shi dai ya wanke hannunsa. Farzidan ya tsaya da mabuɗi a hannu yana dubansa.

"Illa," in ji Lalla daga ƙasa, "kwana huɗu kuna gwada naku. Bari ta gwada nata, ko rigarka kake tsoro ta yi dauɗa?"

Ya durƙusa ya soka, wannan karon ba bisimilla a fili. Na kunna. Rubutu ya yi ta gudu a allo, hoto ya fito, na aza hannuna mai lalle a kan kusu na kewaya da kibiya kusurwa huɗu. Mushe ya ce sa'a ce. Na kashe, na roƙi Farzidan ya zare, na kunna, na ce wa Mushe ya bar ta ta yi zafi iya yadda yake so. Ya duba agogonsa ya ba ta minti goma sha biyar, ya soka da kansa, ya tura, ya girgiza, ya ɗaga ya buga a tebur. Kibiya ko gezau.

"Da ta farka take duba abin da ke jikinta," na ce. "Wanda ya zo bayan nan, ba ta san shi ba."

Ban ce wa ke zuwa daga baya ba. Mushe ne ya fara farfaɗowa. Ya ce ai wannan shi ne abin da yake shirin bayyanawa tun ranar Talata, ya kira masa wani dogon suna da Faransanci, ya ce a Yamai tun makon farko ake koyar da shi. Ya mayar da faifansa cikin jaka a hankali.

Hanya biyu ce a gaban Farzidan, kowa a ɗakin ya gan su: ko ya bar kusu a jikin na'ura, ko ya rinƙa zuwa bakwai da rabi. Ya yi ta shafa gemu yana kai da kawo. Can ya ce in zauna in buga. Ya shifta mini doka da muryar da yake jawabi a taro: bisa binciken da shugaban ƙungiya ya gudanar, daga yau an haramta wa kowane ma'aikaci kunna na'ura kafin isowar shugaba. Ma'aikaci ɗaya ne a buron, ni. Na buga, na fitar, ya karanta sau biyu, ya sa aka ƙara girman sunansa, ya danna hatimi, ya manna a ƙofa. Tunda hatimin na hannunsa, Lalla ta tura masa shafukanta huɗu, ya danna musu yana ce mata ta gaya wa matan Barmu irin wahalar da ya sha kafin takardar nan ta fito.

Ba wanda ya sake maganar Juma'a, ko ɗan ƙanwar mata. Da za su fita masallaci Farzidan ya juyo daga bakin ƙofa ya ce ranar Litinin in zo da wuri, akwai wasiƙu.

Lalla ta naɗe takardarta ta ƙulle a bakin mayafi. Ta tsaya gaban dokar da ke ƙofa, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce a rugarsu ma akwai wani tsoho da ke kwana da gugar rijiya ƙarƙashin kansa, kullum sai rana ta yi zafi dabbobi ke shan ruwa.

Har yau bakwai da rabi nake zuwa. Na sayi zare da kwarashi, ina saƙa har ƙarfe goma. Da yamma Farzidan yana zare kusunsa ya kulle, sau da yawa kan wutsiyar na leƙowa ta bakin aljihun tebur, a matse. Ban taɓa gaya masa ba.