Gwangwanin Lorene

Mun kafa tanti a gindin itatuwan da ni da ƙanwata Lorene muka saba kwana tun muna yara, nesa da hanyar mota, inda iska ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai daga maɓuɓɓugan ruwan zafi. Wannan karon ni da mijinta Orrin ne kawai. Ita tana cikin gwangwanin gahawa, tokar gawarta ke nan bayan an ƙona, domin ta ce kada a saya mata tulu mai ado.

Da yamma na haɗa abinci zan rataye a doguwar sanda saboda beyar, naman dajin nan mai bin ƙanshin abinci, na miƙa hannu ga gwangwanin.

"Har yanzu yana ƙanshin gahawa, suruki," na ce.

"Wendell, ba zan rataye matata a sama kamar nama ba."

"Ai da tana nan ita za ta jefa igiyar. Kai ba ka taɓa iyawa ba."

Ya ɗan yi murmushi, ya bar ni na rataye ta. Wannan ne abu na farko da ya sakar mini, na kuma san na biyun ba zai zo da sauƙi ba.

Da safe muka bi gadar katako zuwa tafkin da Lorene ke kira Shuɗiya. A gefensa akwai wani ƙaramin rami mai feshin ruwa sama lokaci zuwa lokaci. Muna yara tafkin shuɗi ne har bakinsa. Yanzu gefensa ya koma ruwan ɗorawa. Mutane sun yi ta jefa duwatsu da tsummoki da abubuwan neman sa'a, maƙogwaron da ruwan zafi ke ɓulɓulowa a ƙasan tafkin ya toshe, ruwan ya rage zafi. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa. Lorene ta sha tsayar da baƙi a kan gadar nan tana yi musu faɗa har su mayar da hannu aljihu.

Orrin ya buɗe murfin gwangwanin, zai zuba tokar a tafkin.

"Na yi mata alkawari," in ji shi, bai dube ni ba.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na daɗe ina juya irin wannan tambaya a raina: idan mutum ya roƙe ka abin da ya saɓa wa dukan rayuwarsa, wa za ka bi, mai rai da ka sani ko mai ciwo da ke gabanka? Doka ta hana zuba komai a tafkin, amma na san doka ba za ta riƙe hannun Orrin ba.

"Me ta ce maka? Faɗa mini yadda ta faɗa."

"Ka san abin da ta ce."

"Ban sani ba, ina waje ina neman likita."

Tururi ya rufe mu, ya wuce.

"Ta ce, Orrin, ka kai ni wurin Shuɗiya."

"'Kai ni,' ta ce," na maimaita.

"Kada ka yi mini wasa da kalma, tsoho. Me kuma za ta nufa?"

"Ban sani ba. Amma ka taɓa jin Lorene ta faɗi abu rabi? Da zubawa take so, da ta ce zuba, har ta gaya maka da wane hannu."

Ya zauna a kan katakon, gwangwanin a buɗe bisa cinyarsa. Na ga abin da ke damunsa. Idan bai zuba ba, zai koma gida yana zargin ya gaza mata. Idan ya zuba, shi ne zai ƙara shaƙe abin da ta kare. Ni ma ban tabbata gaskiya nake nema ba ko mafita.

Ƙasa ta fara gurnani a ƙarƙashinmu. Ramin gefe ya yi tari, sannan ya watsa ruwa sama. Iska ta juyo da feshin kanmu, ɗumi-ɗumi, ya jiƙa mana hula da kafaɗa. Orrin bai rufe gwangwanin ba. Ya zuba ido yana kallon ɗigon ruwan suna sauka a kan tokar, suna baƙanta ta kaɗan-kaɗan.

Da feshin ya lafa, ya mayar da murfin, ya danna shi da tafin hannu.

"Na kawo ki," ya ce.

Muka hau tudun da ke bayan tanti, inda ciyawa ta yi tsawo, ana hango tururin daga sama. A nan ya sake ta. Tokar da ta jiƙe ba ta tashi da iska ba, sai da ya sa yatsa ya kwaso ta.