Jan Alayyafon Mwandida

Zafin Oktoba a Chikwawa ba ya raga wa kowa. Mwandida tana da ɗan lambu a bakin kogin Shire, kuma bana alayyafonta tun da hantsi yake langaɓewa, duk da ruwan da take ɗura masa. In ya mutu bai fidda kai ba, ba ta da irin baɗi.

Matan garin sun gaji wata al'ada: duk alayyafon da ganyensa ya yi ja tuge shi ake yi, wai cuta ce. Ran nan ta tuge jajayen, rungumi guda, ta watsa wa akuya, sai ga 'yarta Tiyamike, mai karatun noma a Lilongwe.

"Inna, masu lafiyar kike ba akuya?"

"Ji min yarinya! Tun ba ki san hanyar bakinki ba nake tuge shi."

Tiyamike ta ce ganye cike yake da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna masu riƙe ruwa, kowanne da siririyar fatarsa. Zafi kan cinye fatar, ruwan ya zurare. Jan nan magani ne da tsiron ke haɗa wa kansa.

"To koren me ya hana shi haɗawa? Malalaci ne irin kawunki?"

"Yana yi, amma kaɗan. Ni ma karantawa na yi, ban gwada ba."

Mwandida ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Ta tsinko kore, ta tsinci wani jan ganye da ya faɗi, ta shimfiɗa su a kan dutsen da rana ta gasa. Suka tsuguna suna kallo. Koren ya yi laushi, ya yi duhu, har ya jiƙa dutsen. Jan kuwa bakinsa kawai ya naɗe. Ta murza shi, ta shinshina, ta ɗan ciza.

"Ikon Allah! To ta ina ya san zafi na zuwa?"

Ba ta jira amsa ba, don ta waiwaya ta ga babu ja ko ɗaya a lambun. Akuya kuwa tana ta tauna.

"Riƙe min ita, kina tsaye!"

Tiyamike ta cafke ƙahon, uwar ta fizgo jan kara na ƙarshe daga bakin akuyar, ashe shi ya fidda kai har ya fara bushewa. Ta murje shi a tafin hannu, baƙaƙen 'ya'ya suka zubo, ta ƙulle su a gefen zani.

"Inna, miyar fa ja za ta yi. Baba zai yi mita."

"Ya rufe ido ya ci tuwonsa."