Famfon da Ake Kira Tazarce

Mutanen Jiratawa ba su barin abu da sunan da ya zo da shi. Da kamfanin Hasken Gulbi ya kafa famfo mai aiki da rana a garkar Alhaji Idirisa, a shekarar da ƙasa ta rikice kan zancen tazarce, sai suka zuba masa ido. Suka ga ba ya shan man gazuwal, bai damu da a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba, kuma daga fitowar rana har faɗuwarta ba wanda ya isa ya ce masa ya tsaya. Nan take suka raɗa masa Tazarce.

Zuliha ce wakiliyar kamfanin a Maraɗi, kuma ita ta kawo aikin garinsu. Garkar mahaifinta, Malam Gado, tana jikin ta Alhaji, shingen ƙaya kawai ya raba su. Zogale yake nomawa, yana ban ruwa da guga daga tsohuwar rijiyarsa. Tsohon nan kuwa ji yake da 'yarsa kamar me. Duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa farantan kama hasken rana da ke ƙyalli bayan shinge ya ce aikin ɗiyarsa ne.

Bai taɓa kawo mata kuka ba. Saƙonsa ɗaya ne in za ta zo daga birni: ta taho masa da igiya. Ta kai ta fari, ta kai ta biyu, yana ƙullawa a kan tsohuwar. A zuwa na uku ta leƙa rijiyar, ta ga ruwan can ƙasa bai fi faifai ba.

"Baba, tun yaushe ruwan ga ya gudu haka?"

"Bana damina ba ta yi ba, ɗiyata," in ji shi, yana kallon wani waje. "Yasa kawai taka so. Ni da maƙwabcina Hamidu za mu shiga."

"Kada ka shiga, Baba. Rairayi ne, ba siminti."

Ya yi dariya, ya tambaye ta lafiyar mai gidanta.

Washegari ta sami daraktan kamfanin, Mushe Nasser, a bironsa, wato ofishinsa, na unguwar Zariya. Mutum ne mai zaƙin baki, kuma abin takaicin shi ne yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. Ta roƙe shi a riƙa kashe famfon da tsakar rana, tunda kwamin ajiya yakan cika ya yi ta malala a banza, rijiyoyin maƙwabta kuwa suna ja da baya.

"Madam Zuliha, zauna," ya ce. "Kin san Turawa sun rufe robine, sun tsayar da kuɗin tallafi saboda siyasa. Projen tallafi ɗaya ya rage mana, na masu yaƙi da ɗumamar duniya, su kau yawan ruwan da muka ɗago ba da hayaƙi ba suke dubawa. In sun gamsu, garin Tibiri zai samu irin famfon nan, ƙauyuka su samu. Ko kin fi son a koma ma gazuwal ana cika ma mutane huhu da hayaƙi?"

"A ba ni makullin akwatin famfon kawai."

"Babu makulli. Na sa an yi mashi walda, kada wani ya taɓa. Rana ka kunna shi, rana ka kashe shi. Mi ya fi wannan tsabta?"

Ta fito da niyyar komawa Jiratawa a ranar, aikin shirya bikin nuna famfon ga baƙi ya riƙe ta.

Ranar bikin an kafa rumfa a bakin hanya, nesa da famfon, don kada takalman manya su taɓa laka. An kawo makaɗa da lasifika. Mushe Nasser ya sa aka buɗe duk magudanai, wai baƙi su ga ruwa na gudu ko'ina. Zuliha tana raba wa baƙi ruwan sanyi sai ta hango Hamidu, maƙwabcin da zai taya babanta yasa, a layin masu karɓar shinkafa.

"Hamidu! Ina Baba?"

"Yana cikin rijiya," ya ce, baki cike. "Shi ya ce in zo in ci rabona, yana tara yashi kahin in komo."

Ba ta san lokacin da ta yar da tiren ba. Ta bi ta bayan rumfa da gudu, ta haura shinge, ƙaya na yagar mata zane. Tun kafin ta isa ta ji ƙafarta na nutsewa. Ruwan Alhaji ya karya bakin magudana, ya ratso ƙarƙashin shinge, ya mamaye kwamin zogale, yana gangarowa shiru-shiru zuwa inda ƙasa ta fi kwari. Takalman Malam Gado da hularsa suna ajiye a bakin rijiya, takalmi ɗaya har ya fara yawo.

"Baba!"

"Na'am, ɗiyata," muryar ta taso daga nesa, da fara'arta. "Kin gani? Ruwa ya komo! Ga shi yana zubowa ta bango."

Ta kama igiyar da ita ta saya, ta ja, ko motsi. Ƙasar da take tsaye a kai ta tsage, wani ɓangare ya zame ciki, ta ji tsohon ya yi tari. Ta kwarma ihu tana kiran Hamidu, tana kiran duk mai kunne. Daga rumfa lasifika ke amsawa, muryar Mushe Nasser tana cewa rana kyauta ce daga Allah, ba ta ƙarewa, aka ɗauki tafi da kiɗa.

Ta ruga wurin akwatin famfon, ta doke shi da dutse har hannunta ya fashe. Walda ce mai kyau. Ta ɗaga kai, rana tana tsaka, babu ko ɗigon gajimare. Sai ta fizge gyalenta ta shimfiɗa a kan faranti na farko, ta cire ɗankwali ta rufe rabin na biyu, ta kwanta da jikinta a kan na uku tana kuka. Sauran farantan suna jere har ƙarshen garka, suna ƙyalli.

Tazarce ko tari bai yi ba. Daga bayan shinge ta ji wani abu mai nauyi ya rufta, ta kira Baba, ta sake kira.