Kujera ta Shida

Mu shida ne a gidanmu, kuma shekara takwas Baba yana yi wa Mama alkawarin teburin cin abinci. Kafinta ne, ya cika gidajen mutane da tebura, mu kuwa a kan wani mai ɗingishi muke ci, an tokare ƙafarsa da tsohuwar jarida. Sai a makon da aka tabbatar masa da ciwon daji ya sayo katakon.

Ciwon a can bayan hanci yake, inda hanci ke haɗuwa da maƙogwaro. Da toshewar kunne ya fara, sai haɓo, sai wani ƙullutu a wuya. Ni ce babbar 'yarsa, don haka ni na raka shi wurin likita ranar da za a tsara magani. Likitar mace ce mai son bayani, kuma wannan halin nata ne ya jawo mana aiki. Ta ce za a yi masa gashi da na'ura na mako bakwai, haɗe da maganin ƙarin ruwa, kuma irin wannan ciwon yana jin gashi sosai. Sai Baba ya ga tana latsa lissafi a waya.

"Likita, me kike rabawa?"

Ta juyo masa da takardar gwajin jininsa. Ta ce fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Akwai masu rugawa duk inda kumburi ya tashi, akwai masu natsuwa da ke gane baƙon abu a jiki su yaƙe shi. Idan aka raba yawan na farkon da na biyun, amsar kan ba da ɗan haske a kan yadda mutum zai yi da magani. Ƙasa da uku likitoci suka fi so.

"Nawa fa?"

"Bakwai da ɗigo biyu. Amma Malam, wannan alama ce kawai cikin alamu da yawa. Hotonka ya fi ta muhimmanci, kuma hoton bai yi muni ba."

Na san Baba. Daga "bakwai" ya rufe kunnensa mai lafiyar ma. Mutumin da in ka ce masa ƙofa tana da faɗi sai ya ce faɗi nawa, ba za ka ba shi lamba sannan ka ce kada ya riƙe ta ba. A cikin mota ya zaro fensir daga bayan kunne ya sake rabawa a gefen takardar, ko likita ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

Washegari ya shiga shago kamar wanda ake kora. Cikin kwana tara ya gama teburin, ya goge shi har kana ganin fuskarka. Ya jera kujeru a tsakar gida ya shafa musu mai. Mama ta fito da murnarta, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Maigida, biyar na gani."

"Biyar ɗin ne."

"Katakon ne ya ƙare?"

"Akwai katako. Ba na aikin da ba za a mora ba."

A nan ya gaya mana ba zai je gashin ba. Ya ce ba zai ƙone maƙogwaronsa mako bakwai a kan abin da lissafi ya riga ya yanke ba. Mama ta koma ɗaki. Ni kuwa haushi ya fi tausayi yawa a zuciyata, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Saura kwana goma sha ɗaya a fara maganin.

Na bi shi shago da rana don mu yi ta. Yana gyara wata durowa. Na buɗe baki ke nan sai na lura da wani abu. Tun ina ƙarama, in Baba yana buga ƙusa, sauran ƙusoshin a bakinsa suke, a jere, har mukan yi masa magana don mu ji yadda zai amsa ta hanci. Ranar a cikin murfin gwangwani ya zuba su. Da na matsa kusa, ƙanshin kanumfari ya doke ni, ya danne har na katakon.

"Baba, buɗe bakinka."

"Ke, ni sa'anki ne?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Amma buɗe."

Bai buɗe ba, sai dai hannunsa ya kai ga kuncin hagu da kansa. Sai na tuna wata 'yar takarda da aka haɗo mana a asibiti, ta ganin likitan haƙori, domin ba a fara gashi sai an duba baki. Ya ce mini ya je. Na jawo aljihun teburin aikinsa, ga ta nan a ninke ƙarƙashin zarto.

"Tun yaushe?"

"Wata guda... da 'yan kwanaki."

"Kafin a ɗebi jinin ke nan?"

Ya ce haƙori ai ƙaramin abu ne. Daga baya ya amsa gaskiya. Mutumin da ya taɓa ɗaure yatsarsa da tsumma bayan zarto ya ci ta, ya ƙarasa aikinsa, ashe tsoron kujerar likitan haƙori yake ji tun yana yaro.

Da na gaya wa likitar a waya, ta ce ita ma da laifinta, ya kamata ta tambaye shi tun farko. Ta ce haƙori mai mugunya shi kaɗai ya isa ya tayar da waɗancan ƙwayoyin masu rugawa. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce a cire, ya sha magani, a sake gwaji.

Baba ya ce ai an riga an auna. Na ce, "Baba, kai ne ka taɓa mayar da katako mota guda don an kawo maka shi da danshi. Ka ce duk awon da aka yi masa ƙarya ne sai ya bushe." Ya harare ni, ya ce na cika surutu kamar uwata. Amma ya sa takalminsa.

An cire haƙorin. Ya riƙe hannuna har yatsuna suka mutu, ya kuma gargaɗe ni kada ƙannena su ji. Sun ji kafin mu iso gida.

Bayan kwana takwas muka koma. Likita ta miƙa masa takardar da kanta ta ce, "Kai ne mai lissafi." Ya zaro fensir. Ya raba sau ɗaya, ya sake. Biyu da ɗigo shida.

"Kada ka riƙe wannan ma kamar yadda ka riƙe waccan," in ji ta. "Ciwon yana nan, kuma maganin da wuya. Ko da bakwai ɗin ta dawo, abin da zan ce maka ɗaya ne, ka zo ranar Litinin."

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya.

Ya je. A mako na huɗu muryarsa ta dishe, ruwa ma da ƙyar yake haɗiyewa, ya rame har agogonsa na zamewa. Likita ta hana shi ƙurar katako, don haka a tsakar gida yake zama da ƙyalle a hanci, yana ɗan taɓa aiki kaɗan-kaɗan. Wata safiya na fito zan tafi aiki na same shi da ƙafafun kujera huɗu a gabansa, yana gwada tsawonsu da na sauran. Ya yafito ni, ya yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Ki ce wa uwarki ta daina ajiye mini wannan bokitin da nake zama a kai a gefen tebur. Nan da mako biyu zan gama tawa."