Injin Lamba Bakwai

A masaƙar kowa Ba-Tsinke yake ce masa, har ya soma amsawa da ɗaga kafaɗa. Wata huɗu cur hotonsa na manne a bakin ƙofar sashe, wai gwarzon ma'aikata, don zarensa ne kaɗai ba ya yawan tsinkewa.

Aikin ba wani boka ba ne, amma yana son gaskiya. Ƙwayoyin roba ake narkarwa, a matso su ta faranti mai ƙananan huji, su zubo sirara-sirara iska na busar da su. Daga nan zaren ya bi ta kan rola biyu, ta biyun ta fi ta farkon gudu, ita ke jansa ya miƙe ya yi ƙarfi. A wurin jan nan ne yake tsinkewa, mutum ya yi ta ɗaurawa yana gumi. To, Ba-Tsinke sai ya gano dabara: da ya kama aikin safe, ya faki ido ya rage gudun rola ta biyu ɗan kaɗan. Zare ya daina tsinkewa, ga shi fari tas, wa zai gane? Shi a ganinsa wayo ya yi. Wayon banza kuwa, don zaren da bai jawu sosai ba ya fi shan rini, sai an rina asirinsa ke tonuwa.

Mai karɓarsa a injin lamba bakwai da yamma surukinsa ne, uban matarsa, wanda ya kawo shi masaƙar da hannunsa, shekara ashirin da shida yana kan injin nan.

Ranar Laraba wata motar kaya ta dawo da yadi dami-dami, duk ya yi zane-zane kamar an ja masa layi. Matar da ke aiki a ɗakin gwaji ta ɗebo zare daga kwarkwaro daban-daban na lamba bakwai, ta saƙa doguwar safa, ta rina ta shuɗi, ta shimfiɗa a tebur gaban manaja. Nan duhu, nan haske, nan duhu. Lambar inji kawai ake rubutawa a jikin kwarkwaro, ba a sa sunan mai aiki, saboda haka aka kira su biyun.

Manaja ko kallon Ba-Tsinke bai yi ba. Gwarzo guda? Kan tsohon ya juya, ya ce ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa, ba laifi ba ne, girma ne. Daga Litinin a koma da shi wurin tattara tarkacen zare. Ba-Tsinke ya buɗe baki, wallahi ya buɗe, amma sai ya tuna hotonsa a bakin ƙofa, ya mayar da bakin ya rufe. Tsohon ya dubi safar, ya ce to, ya sa hannu a takarda.

A ɗakin canza kaya Ba-Tsinke ya sami tsohon yana kwashe kabad ɗinsa: kofi, tsohon tabarau, da ɗan ƙarfen tagulla da yake kankare farantin injin da shi. Ba-Tsinke ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, “Baba…”

Tsohon ya miƙa masa ƙarfen. “Riƙe. Gudun rolar nan kuma ka bar shi inda injiniya ya sa. Wata huɗu kullum na zo sai na mayar da shi daidai. Yanzu ba mai mayar maka.”

Kunya ta rufe Ba-Tsinke, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ashe kowace yamma da yake gaishe shi yana wucewa da fara'a, tsohon ya sani. Ya ce zai koma wurin manaja yanzun nan. Tsohon ya girgiza kai, ya ce shi an rage masa matsayi ne kawai, amma wanda ya taɓa inji da gangan korarsa ake yi, jikokinsa kuma me za su ci? Ya ɗauki ledarsa ya fita.

Da Ba-Tsinke ya isa gida, labari ya riga shi. Matarsa na zaune bakin gado idanu jajur, tana ta faɗa da manajan da ba ya nan: mutumin da ko latti bai taɓa yi ba, a ce ya koma shara? Ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya.

“Don Allah gobe ka sa baki. Kai suna jin maganarka, ka gaya musu Baba ba ya ha'inci.”

Ya riƙe kofin bai sha ba. Ƙarfen tagullar na cikin aljihunsa yana tokare masa cinya. Ta sake cewa don Allah, sai ya ce mata to.