Tabon Ƙugun Baba

A gidanmu ba a musu da Umma kan maganar jinya. Asibiti ta yi wa aiki har ta yi ritaya, kuma har gobe mutanen layinmu Sista suke ce mata. Ranar da na kama aikin nas ta ba ni ɗan littafin aljihunta, bango ya cinye, an ɗaure shi da roba, gefen shafukan duk rubutunta da jan biro. Na karɓa da hannu biyu, na kai ɗaki na adana. A aljihun rigata kuwa sabon bugu ne, wanda muka yi karatu da shi. Ban gaya mata ba, don ni ba jaruma ba ce.

Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi, Umma ta mayar da ɗakinsa asibiti, ta raba mana aiki. Yayana, wanda direba ne, shi ke ɗaga Baba. Ni da takardar shaidata aka ba ni riƙon kwano da miƙo tawul.

Wata safiya muna canza zanin gado na ga fatar ƙugun Baba ta yi ja ta yi duhu, daidai inda ƙashi ke danne katifa. Na danna da yatsa, launin bai washe ba. Kafin in buɗe baki Umma ta tsiyaya sifirit, ruwan nan na goge fata a asibiti, a tafin hannu ta shiga murza wurin da ƙarfi.

"Haka ake yi, jini ya gudana," ta ce. "Ki kalla ki koya."

Baba bai iya magana sosai, sai dai ya runtse ido.

Na fita tsakar gida na buɗe littafina, ko da yake na san abin da ke ciki. Irin wannan wuri ba a murza shi. Naman da ke ƙasa ya riga ya wahala, murza ƙara masa rauni take yi. Sauke masa nauyi ake yi, a riƙa juya mara lafiya. In fatar ta fashe ta zama gyambo, na ga yadda yake cin mutanen da ke kwance a wurin aikina, kuma ba na son in ga haka a jikin ubana.

Na fara da dabarar matsorata: na ɓoye kwalbar sifirit ɗin. Umma ta ɗauko wata a durowa, ashe ajiya gare ta. Na samu Yaya a mota na roƙe shi ya yi mata magana.

"Ni? Taya na sani, Auta, ba fata ba. Ke da kika yi karatun, je ki faɗa. In ta kore ki, zan kai miki kayanki kyauta."

Kwana biyu tabon ya ƙara faɗi, tsakiyarsa ta fara sheƙi. Da Umma ta buɗe kwalba, sai kawai na ga hannuna a kan nata. Ban kuma saki ba.

"Umma, don Allah a daina. An canza."

"Wa ya canza? Ke da na koya wa riƙe ma'aunin zafi?"

Na ciro littafina na miƙa mata a buɗe. Na zaci za ta ture shi. Sai ta goge hannu da tawul, ta sa tabarau, ta zauna a bakin gado. Umma ba ta raina rubutu, wannan kam na shaide ta. Ta bi layin da yatsa har ƙasa, ta dawo ta sake bi, ta juya bango ta duba shekarar bugu.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Umma."

Ta ajiye littafin a cinya, ta buɗe tafukan hannunta tana kallo.

"Ɗalibai nawa na koya wa wannan," ta ce, ba da ni take ba. "Wadda ba ta sa ƙarfi ba, raguwa nake ce mata. Akwai wani tsoho a gadon bakin taga, kullum yana roƙona in bari, wai zafi. Na ce masa don lafiyarsa ne. Har hannuna yake riƙewa."

Babu shafin da zan buɗe mata a kan wannan. Na so in yi nasara tun kwanaki, ga shi na yi, kuma tausayinta ya hana ni jin daɗin ko kaɗan.

Ta cire tabarau, ta rufe kwalbar, ta miƙe ta koma wajen ƙafafun Baba, inda nake tsayawa kullum. Ta bar mini wajen ƙugu.

"To, Sista," ta ce. "Wane ɓari za mu kwantar da shi?"